Ciwon haƙori a Tofa: asibitin gwamnati, na kuɗi, ko biyan wata-wata?

Ga mazauna ƙaramar hukumar Tofa da ke yamma da birnin Kano, ciwon haƙori yakan zo ne tare da lissafi: kuɗin mota zuwa birni, ranakun da za a bar aikin gona, da kuma inda za a samo kuɗin aikin. Wanda ya yanke shawarar ganin likita yana da hanya biyu a gabansa, wato asibitin gwamnati mai sauƙin kuɗi da doguwar jira, ko kuma asibiti mai zaman kansa mai saurin aiki da tsada. A 'yan shekarun nan kuma maganar biyan kuɗi wata-wata ta shigo cikin lissafin, lamarin da ke buƙatar fayyacewa, domin abubuwa uku ne mabambanta ake kira da wannan suna guda.

Kusa da birni, nesa da likita

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Tofa na da mutane kusan dubu 98, kuma ko shakka babu adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Yankin na cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye Kano, inda gona ke manne da gona, ake kuma noma gero da dawa da wake da gyaɗa shekara bayan shekara ba tare da barin ƙasa ta huta ba. Garuruwa irin su Lambu da Langel da Janguza ba su da nisa da birni, hasali ma sabon mazaunin Jami'ar Bayero na kan hanyar Gwarzo ne, hanyar da da yawa daga mutanen yankin ke bi idan za su shiga Kano.

To amma kusancin bai kawo kujerar likitan haƙori ƙofar gida ba. A Nijeriya baki ɗaya likitocin haƙori ba su wuce 'yan dubbai ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma akasarinsu na zaune ne a manyan birane kamar Legas da Abuja da Ibadan. Wasu kuma na ci gaba da ficewa zuwa ƙasashen waje. Mafi yawan cibiyoyin lafiya na matakin farko a karkara ba su da likitan haƙori, ba su kuma da kayan aikinsa. Saboda haka mutumin Tofa da ke buƙatar cikakken aiki sai ya shiga birni: ko dai Asibitin Murtala da ke daura da Ƙofar Mata, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, can ɗaya gefen garin, ko kuma ɗaya daga cikin asibitocin haƙori masu zaman kansu.

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan dubu 3 da 500 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku daga cikin kowane huɗu na zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki.

Yadda ƙaramin rami ke zama babban aiki

Kafin a kwatanta farashi, ya kamata a fahimci yadda ciwon ke tafiya, domin shi ne ke yanke yawan kuɗin da za a kashe. Abin da jama'a ke kira tsutsar haƙori a zahiri aikin ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki. Su ne ke sarrafa sukarin da ya maƙale a haƙora su mayar da shi wani sinadari mai tsami, wanda ke cinye farin ɓawon haƙori sannu a hankali. A wannan mataki babu zafi. Idan aka gano ramin da wuri, likita zai share shi ya cike a zama ɗaya, kuma wannan na cikin ayyuka mafi araha.

Idan aka bar shi, ramin zai nutsa har ya kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori. A nan ne ake samun zugin da ke hana barci. Daga wannan lokaci ciko kaɗai ba ya wadatarwa, sai dai a zaɓi ɗaya daga cikin biyu: a cire haƙorin, ko kuma a yi aikin jijiya, wato a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke ramin saiwar, a toshe shi, sau da yawa kuma a ɗora wa haƙorin hula domin kada ya tsage. Aikin jijiya yakan ɗauki zuwa biyu ko uku, kuma kuɗinsa ya ninka na ciko sau da dama.

Akwai kuma wani mataki mai ruɗi. Wani lokaci zafin yakan lafa da kansa, sai mai ciwon ya ɗauka ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar na ci gaba da aiki a ƙarƙashin saiwa har su tara mugunya. Idan kumburin ya sauka ƙarƙashin harshe da wuya yana iya toshe hanyar numfashi, abin da kan kai ga rasa rai. Maganin kashe zafi da ƙwayoyin da ake saya a kemis na iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma ba sa toshe rami. Binciken da aka sha gudanarwa a asibitocin koyarwa na Nijeriya ya nuna cewa zafi ne ke kai akasarin mutane wurin likitan haƙori, kuma cire haƙori na sahun gaba a ayyukan da ake yi musu. Ma'ana dai, jama'a na zuwa ne bayan damar aiki mai araha ta wuce.

Asibitin gwamnati: sauƙin kuɗi, tsadar lokaci

Babban abin da ke jan mutane zuwa asibitin gwamnati shi ne farashi. Gwamnati ce ke biyan albashin ma'aikata da kuɗin gini, don haka abin da majinyaci ke biya na kati da hoto da aiki yawanci ya gaza na asibitin kuɗi. Kazalika a can ne ƙwararru suka fi taruwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ne wurin da Jami'ar Bayero ke horar da ɗalibanta masu koyon likitancin haƙori, yana kuma da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Karayar muƙamuƙi bayan haɗarin babur, ƙari a cikin baki, ko kumburin da ya kai ga wuya, duk ayyuka ne da ke buƙatar ɗakin tiyata da gadon kwanciya, abin da ƙaramin asibitin haƙori mai kujera ɗaya ko biyu ba shi da shi.

Haka lamarin yake ga cutar nan mai zaizaye baki da fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda likitoci ke kira noma. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin ita a Sakkwato, inda ake yin tiyata kyauta, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Nijeriya ta jagoranci gabatarwa. Irin wannan aiki ba wanda kasuwa za ta ɗauka ba ne, domin masu fama da cutar su ne mafiya talauci.

Sai dai kuma arahar na da nata farashin. Akwai layin yankar kati, akwai layin biyan kuɗi, sannan ga jiran likita. Aikin da ba na gaggawa ba ana iya ba shi rana nan da makonni. Ɗaukewar wutar lantarki ko lalacewar na'ura na iya sa a dage aiki, wani lokaci kuma yajin aiki ya rufe ƙofa baki ɗaya, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suka shafe kimanin wata biyu ba sa aiki a faɗin ƙasar. Ga mazaunin birni, a ce masa ya dawo mako mai zuwa ɓacin rai ne kawai. Ga manomin Tofa a tsakiyar damina kuwa, kowace dawowa na nufin kuɗin mota zuwa da komowa, da kuɗin a daidaita sahu a cikin gari, da abinci, da kuma yinin noma da ya salwanta ko ladan ɗan ƙwadagon da zai tsaya a madadinsa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin sufuri ya zama babban kaso a wannan lissafi.

Asibitin kuɗi: saurin aiki, nauyin aljihu

A asibiti mai zaman kansa, lokaci ne ake saya. Ana iya tsayar da rana da sa'a, a duba mutum, a ɗauki hoto, a yi aikin a yini guda. Likitan da ya fara aikin shi ne yawanci ke ƙarasa shi, wasu kuma na buɗewa da yamma ko ranar Asabar. Ga aikin da ke buƙatar zuwa sau uku, wannan tsari na iya rage asarar tafiya ƙwarai.

Dalilin tsadar ma a fili yake. Kusan duk kayan aikin haƙori, tun daga allurar kashe zafi da sinadarin ciko har zuwa kujerar kanta, daga waje ake shigo da su. Bayan da gwamnati ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake canzawa a kan ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A ƙarshen wannan shekarar hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin 100. Mai asibiti na biyan haya da man janareta da albashi, kuma duk a kan majinyaci suke sauka.

Akwai abin lura na biyu. Inda kuɗin shigar likita ya dogara ga yawan aikin da ya yi, akwai yiwuwar a karkata ga aiki mai tsada, ko da mai sauƙi zai wadatar. Wannan ba zargi ba ne ga kowane asibiti, yanayin tsarin ne a ko'ina cikin duniya. Maganinsa shi ne majinyaci ya nemi a rubuta masa ayyukan da za a yi da kuɗin kowanne kafin a fara, idan kuma aikin babba ne ya nemi ra'ayin wani likitan. Ya kamata kuma a tabbatar cewa mai aikin na da rajista da hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya, domin ba duk mai farar riga da allon talla ne likita ba.

A ƙasa da waɗannan biyu akwai hanya ta uku da mutane da yawa ke bi saboda rashin kuɗi, wato masu cire haƙori a kasuwa da masu sayar da maganin ɗigawa a rami. Haɗarin a nan ya haɗa da karyewar saiwa a cikin dasashi, zubar jini, ƙonewar naman baki, da kuma ɗaukar ciwon hanta ko cutar ƙanjamau ta kayan da ba a tsabtace ba. Aikin gyara ɓarnar da aka yi sau da yawa ya fi na asali tsada. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Biyan wata-wata: suna ɗaya, abu uku

Alƙaluman Bankin Duniya da na Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. Wannan ne ya sa duk wani tsari da ya yi alkawarin rarraba nauyin zuwa wata-wata ke da farin jini. To amma ya dace a bambanta.

Na farko shi ne gudummawar da ake bayarwa tun kafin ciwo ya zo. Mutane da yawa na zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda ya kamu da ciwo a yi masa magani daga ciki. Shirin inshorar lafiya na tarayya, wanda aka kafa da dokar 1999 aka kuma ƙaddamar a 2005, a kan wannan tushe yake, kuma ya fara ne da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga kowa, ko da yake zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke cikin tsarin ba su kai kashi 10 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. A Kano, dokar 2016 ce ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KSCHMA, wadda ke karɓar gudummawar ma'aikata daga albashinsu, tana kuma da ƙofa ga masu sana'ar kansu. Bugu da ƙari, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda daga cikinsa ake yi wa marasa galihu rajista kyauta.

Abin da ya kamata mai ciwon haƙori ya sani shi ne irin wannan tsari ba ya ɗaukar komai da komai. Bisa al'ada yakan ƙunshi dubawa, da cirewa, da ciko, amma ayyuka irin su dashen haƙori, da hula, da ƙara wa haƙora haske, ƙa'idojin shirin tarayya sun daɗe da fitar da su. Yawanci kuma sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi da takarda kafin sashen haƙori ya karɓe shi a ƙarƙashin shirin. Kamfanonin inshora masu zaman kansu su ma sukan sanya iyakar abin da za su biya na haƙori a shekara, sukan kuma gindaya wa sabon shiga wa'adin jira. Wanda ya bari sai kuncinsa ya kumbura sannan ya nemi rajista, ya makara.

Na biyu shi ne yarjejeniya kai tsaye da asibiti, inda za a tsayar da kuɗin aiki, a ba da kafin alƙalami, a riƙa biyan sauran kaɗan-kaɗan. Wannan ya fi dacewa da aikin da dama can a matakai ake yin sa, kamar aikin jijiya ko haƙoran roba. Ya dogara ne ga amana da sanayya, kuma asibitocin gwamnati ba su cika yin sa ba, domin ƙa'idarsu ita ce a biya a kawo rasit kafin aiki.

Na uku bashi ne tsagwaronsa, daga banki ko daga kamfanonin ba da rance ta wayar salula. A nan wani ne daban ke biyan asibiti, mai ciwo kuma ya biya shi da ƙari. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi cikin 100, kuma masu ba da ƙananan rance na karɓar abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙorafe-ƙorafe kan yadda wasu daga cikinsu ke tozarta masu bashi ta hanyar aika saƙonni ga 'yan uwa da abokai ne suka sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta fitar musu da ƙa'idojin rajista a 2022.

Misali na lissafi zai nuna bambancin. A ɗauka aiki ya kama naira dubu 120. Idan asibiti ya amince a ba da dubu 40, sannan a biya dubu 20 sau huɗu, abin da aka biya bai wuce dubu 120 ba. Idan kuwa rance aka ci a kan kashi 5 cikin 100 na uwar kuɗi kowane wata har wata shida, ƙarin ya zama dubu 36, jimla dubu 156, wato dubu 26 a wata. Ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 71 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Kashi 5 ƙarami ne a kunne, amma a shekara kashi 60 ne.

Abin da malamai suka ce

Ga Musulmi, bambancin waɗannan hanyoyi uku bai tsaya ga lissafi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi rashin tabbas mai yawa, abin da malaman fiƙihu ke kira garari, ta kuma nuna cewa madadinta shi ne inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Wannan shi ne tushen takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar masa da ƙa'idoji a 2013. Ba abin mamaki ba ne da jihohin arewa da dama, ciki har da Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, suka kira hukumominsu da sunan gudummawa ko taimakekeniya maimakon inshora.

Game da biya kaɗan-kaɗan, majalisar ta bayyana a 1990 cewa ya halatta farashin ajali ya ɗara na hannu, muddin an tsayar da farashi guda tun lokacin ƙulla ciniki, amma bai halatta a ƙara wa mai bashi kuɗi saboda ya yi jinkirin biya ba. Da wannan ma'auni, tambayar da za a yi wa duk mai tallan biyan wata-wata ita ce: idan wata ya wuce ba a biya ba, adadin zai ƙaru? Idan amsar e ce, to an shiga babin kuɗin ruwa.

Manomi ba ya karɓar albashi

Akwai wata matsala da ta keɓanta da wuri irin Tofa. Tsarin wata-wata an yanka shi ne daidai jikin mai albashi. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ana cire masa tun kafin kuɗin su shigo hannunsa. Manomi kuwa kuɗinsa da kaka suke zuwa, lokacin da ake kai wake da gyaɗa kasuwa, ciki har da babbar kasuwar hatsi ta Dawanau da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Daga bazara zuwa tsakiyar damina hannu a bushe yake, abin da ya rage kuma na taki ne da iri. Alkawarin biyan wani adadi a kowane wata, har da Yuli da Agusta, na iya tilasta wa magidanci sayar da akuya ko hatsin ci a lokacin da bai shirya ba.

Saboda haka ga manomi, biyan gudummawar shekara gaba ɗaya da kaka ya fi dacewa da yanayin samunsa. Haka kuma aikin da ba na gaggawa ba, kamar wankin haƙori ko cike ramin da bai fara zafi ba, ya fi kyau a tsara shi da rani. Adashi, wanda mata da 'yan kasuwa suka saba da shi tun fil azal, shi ma tsarin biya ne kaɗan-kaɗan wanda babu ƙari a cikinsa, sai dai rauninsa shi ne ciwo ba ya jiran ranar ɗauka. Ƙungiyoyin manoma da na unguwa da ke yi wa mambobinsu rajista a dunƙule na cike wannan giɓi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasi daga Birtaniya

Ko a ƙasashe masu arziki haƙori ne ɓangaren da tsarin lafiya na gwamnati ya fi gazawa. Birtaniya ta fara kula da lafiya kyauta a 1948, amma shekara uku kacal bayan haka, a 1951, aka fara karɓar kuɗi kan haƙoran roba saboda yawan masu nema, matakin da ya sa ministan da ya kafa tsarin, Aneurin Bevan, ya yi murabus daga gwamnati. A 1986 aka kafa kamfanin Denplan, wanda ya yaɗa tsarin biyan likita mai zaman kansa wata-wata domin dubawa da wanki a kai a kai. A 2022 kuma wani binciken BBC ya gano cewa tara daga cikin kowane goma na asibitocin haƙori da ke aiki da tsarin gwamnati ba sa karɓar sabbin majinyata manya. Abin da wannan ke nunawa shi ne biyan wata-wata ya fi amfani idan yana sa mutum ya riƙa zuwa dubawa tun lafiyarsa ƙalau, kuma inda tsarin gwamnati ya yi rauni, talaka ne ke fara rasa haƙoransa.

Yadda za a auna

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da ma'auni. Kumburin da ya zo da zazzaɓi, ko ya hana buɗe baki, haɗiya ko numfashi, na babban asibiti ne a ranar, ba tare da jiran kuɗi su taru ba. Cire haƙori ko ciko guda ɗaya, ga wanda ke da halin yin sammako, asibitin gwamnati ya fi sauƙi. Aikin da ke buƙatar zuwa da yawa kuwa sai an haɗa kuɗin aikin da na kowace tafiya da na yinin da aka rasa, sannan a kwatanta, domin wani lokaci tazarar da ke tsakanin asibitocin biyu ba ta kai yadda ake zato ba. Mai katin taimakekeniya ya fara tambayar abin da katinsa ya ƙunsa kafin ya zaro kuɗi. Wanda za a ba tsarin biya kaɗan-kaɗan kuma ya nemi sanin jimlar abin da zai biya, da wanda yake bin sa bashin, da hukuncin jinkiri, da kuma makomar aikin idan biya ya tsaya a tsakiya, domin haƙorin da aka buɗe jijiyarsa aka bar shi ba a rufe ba yana cikin haɗarin sake ruɓewa.

A ɓangaren hukumomi, akwai matakan da ba sa buƙatar gina sabon asibiti. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya wata hanyar cike rami da kayan hannu, ba tare da lantarki ko injin huda ba, wadda ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya yi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin wannan ciko da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Nijeriya na da manufar kula da lafiyar baki tun 2012, wadda ta tanadi shigar da wannan aiki cikin kiwon lafiya na matakin farko. Aiwatar da ita a cibiyoyin karkara zai rage yawan masu ɗaukar hanyar birni saboda ramin da bai wuce aikin rabin sa'a ba.

Kafin wannan lokaci, abin da ke hannun kowane gida shi ne rage yawan sukari a shayi da lemon kwalba da alewar yara, goge baki da man fuloraid safe da dare tare da riƙo da asuwaki, da kuma duba bakin yaro tun yana ɗan shekara shida, lokacin da turamen farko na dindindin ke fitowa, waɗanda iyaye da yawa ke ɗauka na nono ne da za su faɗi. Magidancin da ya ware kuɗin rajista da na dubawa daga cinikin kaka shi ne ke da zaɓi tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi. Wanda ya jira zugin tsakar dare kuwa, duk farashin da aka yanka masa da duk sharaɗin da mai ba da rance ya gindaya, haka nan zai karɓa.